BABI NA UKU: SALSALA DA AURATAYYAR GIDAN CLARE NA INGILA, 1066 ZUWA 1317

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda Nomandawa, wato mutanen yankin Nomandi da ke arewacin Faransa, suka ci ƙasar Ingila da yaƙi a shekarar 1066 a ƙarƙashin jagorancin William, da kuma yadda ya rarraba ƙasar ga manyan baradensa. A wannan babi kuwa za a ɗauki gida ɗaya daga cikin gidajen da suka ci gajiyar wannan rabo, wato gidan Clare, a bi salsalarsa tun daga tushe har zuwa shekarar 1317 da aka raba gadonsa. Manufar yin haka ita ce a nuna cewa yawancin ƙasashen da wannan gida ya mallaka ta hanyar aure ya same su, kuma dokar gadon da ta tara masa wannan dukiya ita ce dai ta wargaza ta a ƙarshe.

Masana tarihi irin su J. H. Round da Michael Altschul sun yi nazari a kan wannan gida, kuma duk wanda ya bi salsalar zai ci karo da matsala ɗaya, wato maimaita suna. Kusan duk magadan gidan sunansu Richard ne ko Gilbert. Saboda haka, domin guje wa ruɗani, za a riƙa haɗa sunan kowannensu da shekarar mutuwarsa ko da laƙabinsa. Har ila yau, sarautar da Turawan Ingila ke kira earl za a riƙa kiran mai riƙe da ita Hakimi a duk tsawon babin.

3.1 Dokokin Gado da Aure a Wancan Zamani

Kafin a shiga salsalar kanta, ya kamata a fayyace wasu ƙa'idoji guda huɗu waɗanda idan babu su ba za a fahimci tarihin gidan ba.

Ta farko ita ce, ƙasa duka ta sarki ce. Manyan masu ƙasa suna riƙe da ita ne bisa sharaɗin yi wa sarki mubaya'a da kawo masa barade a lokacin yaƙi. Ta biyu kuma, idan mai ƙasa ya mutu ya bar 'ya'ya maza, babban ɗansa ne ke gaje ƙasar gaba ɗaya, ƙannensa kuwa sai su nemi abin kansu ta hanyar yaƙi ko aikin coci ko aure. Amma idan bai bar ɗa namiji ba, to tun daga ƙarni na 12 al'ada ta zauna a kan cewa 'ya'yansa mata su raba ƙasar daidai-wa-daida, kuma mijin kowace shi ke gudanar da rabonta.

Ƙa'ida ta uku ita ce riƙon marayu. Idan magaji bai kai shekara 21 ba, sarki ne ke riƙe shi da ƙasarsa, shi ke cin amfaninta, shi ne kuma ke da ikon yi masa aure. Haka abin yake ga magajiya mace da kuma matar da mijinta ya mutu. Sarakuna sun mai da wannan iko hanyar samun kuɗi da saka wa barorinsu, har ta kai yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 ta tanadi cewa kada a aurar da magaji ga wanda bai kai shi daraja ba, kada kuma a tilasta wa matar mamaci yin wani aure. Ta huɗu ita ce dokar Coci, wadda ta hana namiji ya haɗa mata biyu, ta hana saki, ta kuma hana auren dangi na kusa. Ɗan da aka haifa ba ta hanyar aure ba ba ya gadon ƙasa. Wannan ya sa makomar babban gida kan rataya ne a wuyan mace ɗaya da abin da ta haifa.

3.2 Tushen Gidan a Nomandi da Kafuwarsa a Ingila

Salsalar gidan Clare tana tuƙewa ne ga Richard na Ɗaya mai mulkin Nomandi, wanda ya mutu a 996. Yana da wani ɗa mai suna Godfrey wanda ya haifa ba ta hanyar aure ba, shi kuma Godfrey ya haifi Gilbert mai garin Brionne. Wannan Gilbert yana cikin waɗanda aka ɗora wa riƙon William tun yana yaro, kuma a cikin rikicin wannan riƙo ne aka kashe shi wajen 1040. 'Ya'yansa biyu, Richard da Baldwin, suka tsere zuwa Flanders, sai daga baya William ya dawo da su, ya ba Richard garuruwan Bienfaite da Orbec. A nan ya kamata a lura cewa da William da Richard duk tattaɓa-kunnen Richard na Ɗaya ne, wato dangi ne tun kafin cin Ingila.

Bayan 1066 William ya ba wannan ɗan'uwa nasa gandaye fiye da 170, mafi yawansu a lardin Suffolk, inda garin Clare yake, da kuma fada mai ganuwa a Tonbridge cikin lardin Kent. Littafin ƙidayar ƙasa na Domesday da aka rubuta a 1086 ya ambace shi da sunayen waɗannan wurare biyu, kuma daga garin Clare ne zuriyarsa ta samo sunanta. Richard ya auri Rohese, 'yar Walter Giffard mai garin Longueville. A lokacin ba a ga wata babbar riba a wannan aure ba, domin Rohese tana da ɗan'uwa namiji da ya gaji mahaifinsu, amma kamar yadda za a gani nan gaba, ribar ta zo bayan fiye da shekara ɗari.

Da Richard ya mutu wajen 1090 sai ɗansa Roger ya ɗauki ƙasashen Nomandi, Gilbert kuma ya ɗauki na Ingila. Wata 'yar'uwarsu mai suna Adeliza ita ce matar Walter Tirel, mutumin da aka ce kibiyarsa ce ta kashe Sarki William na Biyu a wurin farauta a ranar 2 ga Agusta, 1100. Masana sun saɓa a kan wannan kisa. Wasu suna ganin akwai makirci a ciki, wasu kuma suna ganin tsautsayi ne kawai. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne gidan ya ci gaba ƙwarai a zamanin sabon sarki, Henry na Ɗaya. A 1110 ya ba Gilbert yankin Ceredigion a ƙasar Wales, ya ba ƙanensa Walter yankin Striguil, inda ya kafa gidan masu zuhudu na Tintern a 1131, wani ƙanen kuma mai suna Robert ya sami Little Dunmow.

Shi Gilbert, wanda ya mutu wajen 1117, ya auri Adeliza 'yar mai garin Clermont a Faransa. Daga 'ya'yansu biyu ne gidan ya rabu reshe biyu. Babban, Richard, ya auri 'yar Hakimin Chester, mutanen Wales kuma suka yi masa kwanton ɓauna suka kashe shi kusa da Abergavenny a 1136. Zuriyarsa ita ce babban reshe. Ƙanensa Gilbert shi ne tushen ƙaramin reshe. A lokacin yaƙin basasa tsakanin Sarki Stephen da Matilda, Stephen yana neman magoya baya, don haka wajen 1138 ya ba babban reshe sarautar Hertford, ƙaramin kuma ya ba shi ta Pembroke.

3.3 Reshen Pembroke: Strongbow da 'Yarsa Isabel

Gilbert Hakimin Pembroke ya auri Isabel de Beaumont, 'yar Hakimin Leicester, ya mutu a 1148 ya bar ɗansa Richard, wanda tarihi ya fi sani da laƙabin Strongbow. Da Henry na Biyu, ɗan Matilda, ya hau gadon sarauta a 1154, bai amince wa Strongbow da sarautar Pembroke ba, saboda gidansu ya goyi bayan Stephen. Wannan ya bar shi da suna babba amma ba tare da fada a wurin sarki ba.

Ana cikin haka sai aka kori Diarmait Mac Murchada, sarkin Leinster a ƙasar Ayalan, daga mulkinsa a 1166. Ya ƙetaro neman taimako, ya yi wa Strongbow alkawarin 'yarsa Aoife da kuma gadon sarautarsa idan ya taimake shi. A watan Agusta na 1170 Strongbow ya sauka Ayalan da mayaƙa, ya ci garin Waterford, aka ɗaura aurensa da Aoife a nan, a watan Satumba kuma suka ci Dublin. Diarmait ya mutu a watan Mayu na 1171, Strongbow ya ce shi ne magajinsa, alhali dokar mutanen Ayalan ba ta san gadon sarauta ta wajen mace ba. Ke nan da dokar Nomandawa ya kafa hujja, da takobi kuma ya tabbatar da ita. Shi ma Henry na Biyu abin bai yi masa daɗi ba, ganin cewa wani bawansa na shirin zama sarki mai cin gashin kansa. Saboda haka a watan Oktoba na 1171 ya ƙetara da kansa, ya karɓe Dublin da Waterford da Wexford, ya bar wa Strongbow sauran Leinster a matsayin mai riƙo a ƙarƙashinsa. Wannan aure yana cikin manyan dalilan shigar sarautar Ingila cikin al'amuran Ayalan.

Strongbow ya mutu a 1176 ya bar yara biyu ƙanana. Namijin, Gilbert, ya mutu wajen 1185 tun bai balaga ba, don haka komai ya koma kan Isabel, wadda ke hannun sarki. A watan Agusta na 1189 aka aurar da ita, tana wajen shekara 17, ga William Marshal, wani barde da ya haura shekara 40, wanda ba shi da wata ƙasa ta a-zo-a-gani sai suna a fagen yaƙi da biyayya ga sarki. Ta wannan aure ya mallaki Striguil da Leinster, a 1199 kuma aka ba shi sarautar Pembroke.

A shekarar 1189 ɗin ce kuma ribar auren Rohese ta bayyana. Zuriyar Giffard ta wajen maza ta ƙare tun 1164, Henry na Biyu ya riƙe ƙasashensu shekara 25. Da Richard na Ɗaya ya hau, yana neman kuɗin tafiya yaƙi a Gabas ta Tsakiya, sai ya raba su tsakanin Hakimin Hertford da Isabel matar Marshal, saboda dukansu zuriyar Rohese ne.

3.4 Gadon Gloucester da na Marshal

A babban reshe kuwa, Hakimin Hertford na farko ya mutu a 1152 ba ɗa, ƙanensa Roger ya gaje shi har zuwa 1173. Ɗan Roger, wato Richard wanda ya mutu a 1217, shi ne ya yi auren da ya fi kowane muhimmanci a tarihin gidan. Ya auri Amice, ɗaya daga cikin 'ya'ya mata uku na William Hakimin Gloucester. Wannan sarauta tana da gandaye masu yawa a kudu maso yammacin Ingila da kuma yankin Glamorgan a Wales, kuma ɗa namiji tilo na William ya riga shi mutuwa a 1166.

Bisa ƙa'ida kamata ya yi a raba ƙasar uku. Amma Henry na Biyu ya shiga tsakani, ya sa aka yi wa ɗansa John baiko da autar, Isabel, aka ware mata kusan komai. John ya aure ta a 1189, da ya zama sarki a 1199 ya sa aka warware auren bisa hujjar dangantaka, sannan a 1214 ya aurar da ita ga Geoffrey de Mandeville a kan mak 20,000, alhali mak ɗaya kashi biyu ne cikin uku na fam. Wannan ya nuna irin darajar da auren magajiya ke da ita a kasuwar sarauta. Isabel ta mutu a 1217 ba ta haihu ba, zuriyar babbar yayarsu Mabel ita ma ta ƙare, saboda haka gadon duka ya faɗo wa Amice da ɗanta Gilbert. Ba abin mamaki ba ne da aka sami Richard da ɗansa Gilbert duka biyu a cikin manyan ƙasa 25 da aka ɗora wa alhakin tilasta wa John bin Magna Carta, domin sun daɗe suna ganin yadda yake juya haƙƙinsu.

Gilbert ya ci gaba da tawaye har bayan mutuwar John, aka kama shi a yaƙin Lincoln a watan Mayu na 1217. Wanda ya jagoranci rundunar da ta kama shi shi ne William Marshal, wanda a lokacin yake riƙon ƙasa a madadin yaro Henry na Uku. A watan Oktoba na wannan shekara Marshal ya aurar masa da 'yarsa Isabel. Da wannan aure aka yi sulhu, kuma rassan gidan biyu da suka rabu shekara ɗari da suka wuce suka sake haɗewa, tun da yake amaryar jikar Strongbow ce.

A lokacin babu wanda zai yi zaton wannan aure zai kawo ƙasa, domin amaryar tana da 'yan'uwa maza biyar. Amma daga 1231 zuwa 1245 duk su biyar ɗin suka mutu ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya bar ɗan halal. Sai aka raba ƙasashen Marshal tsakanin 'yan'uwansu mata biyar da zuriyarsu, gidan Clare ya sami Kilkenny a Ayalan da Usk a Wales.

Wanda ya karɓi wannan rabo shi ne Richard ɗan Gilbert, wanda aka haifa a 1222, ya mutu a 1262. Rayuwarsa misali ce ta yadda riƙon marayu ke aiki. Mahaifinsa ya mutu a 1230 yana ɗan shekara 8, aka ba Hubert de Burgh riƙonsa, a gidan kuma aka ɗaura masa aure a asirce da 'yar Hubert ba da sanin sarki ba. Da maganar ta fito sarki ya fusata ƙwarai. Yarinyar ta mutu a 1237, a 1238 kuma aka aura masa Maud, 'yar John de Lacy Hakimin Lincoln, wanda ya yi wa sarki tayin mak 5,000 domin a ba shi wannan suruki. Haka kuma, a 1240 'yar'uwar Richard mai suna Isabel ta auri Robert de Brus mai Annandale a ƙasar Sikotlan. Za a sake komawa kan wannan aure a gaba.

3.5 Auratayya da Gidan Sarauta

Daga tsakiyar ƙarni na 13 gidan Clare ya yi girman da sarki ba zai bar aurensa a hannun wani ba. Gilbert ɗan Richard, wanda ake yi wa laƙabi da Ja saboda launin gashinsa, an haife shi a 1243, an kuma aura masa Alice de Lusignan a 1253 yana ɗan shekara kusan 10. Mahaifin Alice da Henry na Uku uwarsu ɗaya. Wannan aure bai sa ya zama na sarki ba, domin a yaƙin Lewes na 1264 yana tare da Simon de Montfort a kan sarki, sai a 1265 ya sauya sheƙa, ya taimaki Yarima Edward aka kashe Montfort a Evesham. A 1268 ya fara gina katafariyar fada mai ganuwa a Caerphilly domin kare Glamorgan daga Llywelyn ap Gruffudd mai mulkin arewacin Wales.

Zamansa da Alice bai yi daɗi ba. Ta haifa masa 'ya'ya mata biyu, suka rabu, Coci kuma ta warware auren a 1285. A ranar 30 ga Afrilu, 1290, yana da shekara 46, ya auri Joan 'yar Sarki Edward na Ɗaya, mai shekara 18, a Westminster. Sharaɗin da Edward ya gindaya shi ne abin lura a nan. Gilbert ya miƙa wa sarki dukan ƙasashensa, sarki ya mayar musu da su shi da Joan tare, bisa cewa 'ya'yan da suka haifa ne za su gada, idan kuma ba su haihu ba to 'ya'yan da Joan za ta haifa wa wani miji su gada. Da wannan aka cire 'ya'yan Alice daga gado, aka kuma tabbatar da cewa ko ta yaya dukiyar za ta koma hannun jikokin sarki.

Gilbert ya mutu a watan Disamba na 1295 ya bar yara huɗu: Gilbert, da Eleanor, da Margaret, da Elizabeth. Joan kuwa ta auri wani barde na gidan mijinta mai suna Ralph de Monthermer a asirce. Da mahaifinta ya ji a 1297 ya sa aka tsare shi, daga baya ya huce, Monthermer ya riƙe sarautar Gloucester albarkacin matarsa har ta mutu a 1307.

3.6 Yaƙin Bannockburn da Rabon Gado

Gilbert na ƙarshe an haife shi a 1291, Sarki Edward na Biyu kuma kawunsa ne. Ƙasashensa suna kawo kuɗin shiga wajen fam 6,000 a shekara, wanda a cikin manyan ƙasa Thomas Hakimin Lancaster ne kaɗai ya fi shi. A 1308 aka yi auren musaya da gidan Richard de Burgh Hakimin Ulster: Gilbert ya auri 'yarsa Maud, ƙanwar Gilbert kuma, Elizabeth, ta auri ɗansa John.

A ranar 24 ga Yuni, 1314, Gilbert ya mutu a yaƙin Bannockburn yana da shekara 23. Marubutan zamanin sun ruwaito cewa ya ba sarki shawarar a bar mayaƙa su huta, sarki ya zarge shi da tsoro, shi kuma ya yi sukuwa cikin māsun abokan gaba ba tare da rigar da ke ɗauke da tambarin gidansu ba, wadda da an gan ta da kama shi za a yi domin kuɗin fansa. Wanda ya ci yaƙin shi ne Robert Bruce sarkin Sikotlan, jikan Isabel de Clare da aka ambata a baya, kuma matarsa Elizabeth 'yar'uwar matar Gilbert ce. Bruce ya mayar da gawar ba tare da karɓar fansa ba, aka binne shi a Tewkesbury kusa da kakanninsa.

Tun da bai bar ɗa ba, gadon ya zama na 'yan'uwansa mata uku. Amma matarsa Maud ta ce tana da ciki, sarki kuma ya riƙe wannan hujja har kusan shekara uku, yana cin amfanin ƙasar, yana kuma shirya wa magadan mazaje. Eleanor tun 1306 take auren Hugh Despenser ƙarami. Margaret ta auri Piers Gaveston, ɗan gaban goshin sarki, wanda manyan ƙasa suka kashe a 1312. Elizabeth kuwa mijinta ya mutu a 1313, a 1316 Theobald de Verdun ya ɗauke ta daga Bristol ya aure ta ba da izinin sarki ba, shi ma ya mutu bayan 'yan watanni. A 1317 sarki ya aurar da Margaret ga Hugh Audley, Elizabeth kuma ga Roger Damory, dukansu na hannun damansa, sannan a watan Nuwamba aka yi rabo. Eleanor ta sami Glamorgan, Margaret ta sami Tonbridge da yankin Newport, Elizabeth ta sami Clare da Usk.

Wannan rabo bai kawo zaman lafiya ba. Despenser ya ƙudurta sai ya haɗa duk ƙasashen Wales a hannunsa. Ya ƙwace Newport daga Audley, ya kai hannu ga na maƙwabta, har a watan Mayu na 1321 Audley da Damory da sauran masu ƙasa na kan iyaka suka far wa Glamorgan, suka tilasta wa sarki ya kore shi daga ƙasar. Sarki ya dawo da shi, ya murƙushe 'yan tawaye a 1322. Damory ya mutu, aka ɗaure Audley, aka tsare Margaret da Elizabeth a gidajen masu zuhudu, aka kuma tilasta wa Elizabeth ta rabu da Usk. Wannan zalunci yana cikin abubuwan da suka sa jama'a suka bi Sarauniya Isabella da Roger Mortimer lokacin da suka shigo da yaƙi a 1326. A cikin Glamorgan ɗin aka kama sarki da Despenser, aka kashe Despenser a Hereford a watan Nuwamba, aka tuɓe sarki a watan Janairu na 1327.

Sunan gidan ya ci gaba ne ta wajen Elizabeth, wadda ba ta ƙara aure ba har ta mutu a 1360. Ita ce ta tallafa wa wata kwaleji a Jami'ar Cambridge wadda tun 1338 ake kiranta da sunan Clare. Jikarta ta auri Lionel ɗan Edward na Uku, wanda aka ba sarautar Clarence a 1362, sunan da aka ciro daga Clare, kuma ta wannan tsatso ne Edward na Huɗu ya kafa hujjar hawa gadon sarauta a 1461.

3.7 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fahimtar cewa bayan rabon farko na William, ƙasashen da gidan Clare ya samu daga hannun sarki kai tsaye kaɗan ne, wasu ma kamar Ceredigion sun kuɓuce masa. Manyan ƙasashensa, wato Leinster da rabin gadon Giffard da Gloucester da Glamorgan da Kilkenny da Usk, duk ta hannun mata suka shigo. Haka kuma an ga cewa a mafi yawan lokuta ba a ranar aure ake samun ƙasar ba. Sai maza sun ƙare a gidan surukai, wani lokaci bayan shekara 30, wani lokaci bayan ɗari. Saboda haka dabarar gidan ita ce neman aure a manyan gidaje, sauran kuma ya rage ga haihuwa da mutuwa.

Abu na biyu shi ne hannun sarki. Tun daga auren Isabel 'yar Strongbow a 1189 har zuwa na Margaret da Elizabeth a 1317, sarki ne ke yanke wanda zai auri wa, kuma duk lokacin da aka yi aure a bayan idonsa, kamar na 'yar Hubert de Burgh da na Monthermer da na Verdun, sai an yi rikici. Abu na uku shi ne, abin da ya sami gidajen Giffard da Gloucester da Marshal, waɗanda Clare ya gada, shi ne ya sami Clare ɗin a 1314. A babi na gaba za a duba yadda gidajen Despenser da Stafford da Mortimer suka gudanar da kason da ya faɗo hannunsu.